Itacen da ya yi azumi a bakin ruwa

Ku kai baburanku can gindin kashu kada ku take min ledoji, sannan ku zo ku zauna. Abin da kunka faɗa jiya a kasuwar Yelwa ya riga ku isowa nan. Wai sana'ar dashe ba sana'a ba ce, ƙasa ce a leda, ka zuba ruwa, ka koma inuwa kana jiran mai saye. To madalla. Kallon kitse kuke wa rogo. In da zuba ruwa ne aikin, da kowane masunci a bakin tafkin nan ya fi ni lambu. Abin da ya fi wuya a sana'ar nan shi ne ka ga itace yana neman ruwa, ruwan kuma ga shi gabanka har ba ka ganin ƙarshensa, amma ka hana shi. Kun taɓa tambayar abin da ya sa lemun tsamina ke shiga kasuwa lokacin da na kowa ya ƙare? Daga nan ne. A jikin wani baƙon itace na koya, wanda ko sunansa ba ku taɓa ji ba.

Aikin da na fara yi wa maigidana, Baba Nomau, cika leda ne. Kada ku ɗauka yaro ne ni lokacin, da matata da 'ya'yana, gemu ya fito. Masunci ne ni na gado, sai ciwon ƙirji ya raba ni da ruwa, in na ja taru yau sai in yi mako ina tari. Daidai lokacin da anka yanke mana jiha daga Sakkwato ke nan. Baba yana da lambu a bakin tafki, can wajen Ngaski, shi da matarsa Inna Kulu su biyu rak. Sun haifa, amma ba wanda ya tsaya. Da na je masa ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce hannun masunci ne, ba abin da ya iya sai ja da jiƙawa, amma a gwada. Ya nuna min yadda ake haɗa ƙasar tudu da rairayin bakin ruwa da tsohon taki wanda ya daina wari. Na wuni ina cikawa ina dannawa da ƙarfi, kamar yadda muke danna banda a kwando, ina jin daɗin na burge tsoho. Da la'asar ya zo ya zazzage su duka, ya ce saiwa ma numfashi take yi, in sake. Na ji haushi ƙwarai, amma na sake.

Wuƙar aure ban taɓa ta ba sai da damina ta zagayo. Ƙaramar wuƙa ce da maƙeri ya yi masa daga guntun ƙarfen mota, kullum naɗe take cikin tsumma, kuma kowa ya yanka albasa da ita ya gamu da Baba. Auren itace kuwa, tun da na ga kuna kallon juna, shi ne ka ɗauko reshen mangwaro mai kyawun 'ya'ya ka ɗora shi kan ɗan mangwaron gida mai ƙarfin saiwa, su haɗe su zama ɗaya. Za ka fere reshen gefe biyu, ja ɗaya kowane gefe, ba sassaƙa ba. Ka tsaga kan na ƙasa, ka cusa, ɓawo ya hau ɓawo, ka ɗaure da tsinken leda daga ƙasa zuwa sama. In ɗan yatsanka ya taɓa wurin yankan, aikin ya ɓaci. Na kashe dashe ba adadi kafin ɗaya ya kama. Ranar da na ga toho ya fasa a kan aurena na farko, sai da na kira Inna daga wurin daka ta zo ta gani, ta yi min guɗa kamar an yi min haihuwa.

Masu saye kuma su ne rabin karatun. Sabuwar jiha ta kawo ma'aikata, kowa yana gina gida yana son itace. Wani ya zo da farar mota ya ce a ba shi mangwaron da zai sha bana. Baba ya nuna masa hanyar kasuwa, ya ce can ake sayar da irinsa, a faranti. Wani ya dasa gwaiba har da ledarta, ya dawo yana faɗa wai mun ba shi mai ciwo. Amma akwai na kirki. Akwai wani Bafulatani, Jauro muke ce masa, da ke kawo mana taki a kan jaki mu ba shi dashen inuwa. Akwai matan masunta masu son lemun tsami a tsakar gida, waɗanda kullum sai ka roƙe su kada su kashe shi da ruwa. Mu mutanen bakin tafki haka muke, maganin komai a wurinmu ruwa ne.

To, a can saman lambun akwai wasu itatuwa da ba na sayarwa ba. Baba yana ce musu fici. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin lambu a Jos, ƙasar duwatsu da sanyi, can ya san su. Ya ce ɗan itacen ya kai girman lemu, jikinsa da laushin gashi kamar ɗan tsako, ƙwallo ɗaya a ciki, in ka ciza ruwan na bin gemunka. Da ya tsufa ya koma can takanas, ya samo dashen wani iri da anka ce ya fi jure zafi, ya rungumo su a mota har gida. Mutanen gari sunka yi dariya har da riƙe ciki. Itacen sanyi a Yauri, inda rana ke dafa ƙwai a rairayi? Shekaru sunka wuce, itatuwan na girma, ganye shar, amma ko fure ɗaya. Har abin ya zama abin zolaya, duk abin da ake wahala a kansa ba amfani sai a ce itacen Baba Nomau. Shi kuwa tsoho ido ya fara tafiya, ƙafa na kumburi. Ya sha gaya min cewa ba ya roƙon Allah dukiya, roƙonsa ɗaya ne, ya ɗanɗana ɗan itacen nan daga ƙasar Yauri kafin a kai shi makwanci.

Hidimarsu kuwa ta fi ta jinya. Gangar jiki sai mun shafe da farar ƙasa don kada rana ta ƙona ɓawon. Gefen yamma mu kafa zana. Gindi mu rufe da ƙaiƙayin shinkafa don ƙasa ta yi sanyi. Amma babban aikin shi ne na bayan damina. Baba ya ce shi wannan itace ba ya fure sai ya yi barci, kuma a ƙasarsu sanyi ne ke kwantar da shi. Namu sanyin ɗan kaɗan ne, saboda haka sai an taimaka masa. Da ruwan sama ya ɗauke sai a yanke masa ruwa kwata-kwata, da sanyi ya shigo sai a tsige ganyensa da hannu, a bar shi tsirara kamar kuka. Haka muke yi duk shekara. Kuma duk shekara, kafin ka ankara, sai ka ga sabon ganye ya ɓullo, itace ya ƙi barci. Baba ya tsaya ya daɗe yana shafa reshe, ya ce to, Allah ya kai mu baɗi.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya sauko daga sama fiye da yadda anka saba, tafki ya cika ya tumbatsa, muna kallo ya shigo lambu yana tafiya kamar mai gidan. Jigon da muke ɗibar ruwa da shi ya tafi, ledojin dashe sunka riƙa yawo a kan ruwa. Tsoffin abokaina masunta sunka zo da jirage munka tsamo abin da ya tsamu, Allah ya saka musu, ba wanda ya nemi ko goro. Fici kuwa ba ya son ƙafarsa cikin ruwa ko kaɗan. Da ruwa ya janye, duk na gangare sun mutu a tsaye. Biyu kaɗai sunka tsira, waɗanda ke kan tudu kusa da ɗakin Inna. Baba kuma tun shigarsa ruwan nan ya kwanta, bai ƙara tashi da ƙafarsa ba. Ya miƙo min wuƙar aure cikin tsummanta, ya ce lambu ya koma hannuna. Jauro ya riƙa kawo taki ba tare da ya karɓi komai ba har munka farfaɗo. Amma ni da na dubi tsohon na san in ba a samu bana ba, babu baɗi.

Saboda haka a shekarar nan na sa wa itatuwan biyu ido kamar mai gadin nono. Na yanke musu ruwa, sanyi ya shigo na tsige ganye. Wata safiya na ɗaga ƙaiƙayin gindi na tura ɗan yatsa, sai na ji damshi. Na ce ikon Allah, raɓa ce? Raɓa ba ta shiga ƙasa haka. Washegari na yi sammako na tsaya wajen zana. Sai ga Inna Kulu ta fito bayan ta idar da salla, da ƙwarya cike da ruwa, ta durƙusa ta ɗaga ƙaiƙayi a hankali ta zuba, ta mayar ta rufe, har da ɗan bubbuga gindin itacen kamar mai rarrashin yaro. Yadda hannunta ya saba da aikin, na san ba yau ta fara ba. Shekara da shekaru ke nan muna kwantar da itace, Inna na tashinsa.

Na gaishe ta, ta amsa ko a jikinta. Na ce Inna, ashe ke ce. Ta miƙe ta dube ni ta ce, "Ni ce. Mu diyan ruwa ne, Garba. A gungu anka haife ni, tsibiri a tsakiyar kogi, kafin tafkin ga ya cinye shi. Ba a hana mai rai ruwa. Ku tsige mishi ganye, ku bar shi da ƙishi, sannan ku ce ya haihu? Wa ya taɓa haihuwa da ƙishi?"

Kun ga inda na shiga. Matar maigidana ce, uwa ce a wurina, tuwonta nake ci. Ba ni da bakin da zan ce mata bari. In kuma na kai ƙara wurin Baba, na haɗa faɗa a ɗakin mara lafiya. Na wuni ina cika leda hankalina ba ya kai. A wancan lokacin kuwa azumi cikin sanyi yake faɗowa, ana ta shirin ganin wata. Da yamma na same ta tana tsintar shinkafa, na zauna ƙasa na ce mata ba mugunta muke wa itacen ba, azumi yake yi. Na ce ita da kanta in an ga wata za ta wuni ba ruwa alhali ga tafki a ƙofar ɗakinta, kuma wanda ya ɗura mata ruwa da rana don tausayi bai kyauta mata ba. Ta ce in azumi ne, yaushe sallarsa? Na ce ranar da idanun reshe, inda toho ke fitowa, sunka kumbura, kuma na yi mata alkawari ba wanda zai ba shi ruwan farko sai ita.

Ban tsaya nan ba, don na san hannun da ya saba bayarwa ba ya zama haka nan. Na haƙo ɗan ayaba na dasa mata can bayan ɗaki, nesa da fici, na ce ga wanda ba ya ƙoshi, ta ba shi iya son ranta. Ta karɓa, amma ba da daɗin rai ba. In za ta wuce itatuwan nan biyu sai ta kau da kai ta ja mayafi. Sun tsaya ƙeƙas, ba ganye ba inuwa, ƙasar gindinsu ta tsattsage. Ni kaina wallahi tsoro nake ji. Kullum sai na ɗan karce ɓawo da farce in ga ko da sauran kore a ciki, ga garwa kusa da ni, ga tafki, hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Ana cikin haka wani mai banda ya biyo ta lambu yana neman itacen ƙyafe kifi. Ya ga busassun itatuwa ya ce a bar masa su ya sare, tun da dai an san ba sa haihuwa, abin da ba ya haihuwa ai wuta ce maganinsa. Kafin in buɗe baki Inna ta fito da muciya a hannu. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce, "Ni ma an sha gaya min haka, ga ni kuma ban shiga wuta ba. Azumi sukai. Bi hanyarka." Mutumin ya tattara gatarinsa ya yi gaba. Daga ranar ita ta koma mai gadinsu, ko akuya ba ta isa ta raɓe su ba.

Ana saura 'yan kwanaki salla na ga idanun reshen ɗayan sun cika sun yi tsini. Na kira Inna. Ta ɗauko ƙwaryarta, ta yi bisimilla ta zuba, ƙasa ta shanye tana ƙara, ta koma ta ƙaro, ta koma ta ƙaro. Ba a jima ba itacen da ba ya da ganye ko ɗaya ya rufe da fure mai ja-ja da fari-fari, tun daga ƙasa har sama. Masunta sunka riƙa tsayar da jirage suna hawowa kallo. Na karyo ɗan reshe na kai wa Baba, ya kai hanci ya shaƙa, hawaye na bin kuncinsa. Ɗayan kuwa bai farka ba. Munka ba shi ruwa har munka gaji, ya tafi ke nan. Inna ta ce min azumin ya yi masa yawa, na ce gaskiya ne, don gaskiyar ce. Wannan shi ne abin da ba ku sani ba, tsakanin hutar da itace da kashe shi tazarar ba ta da yawa, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Zafi ya shigo, furen ya riƙa zuba kamar ana kaɗa shi. Abin da ya ƙulla kaɗan ne, cikin kaɗan ɗin ma na cire raunana don masu ƙarfi su samu. Na ƙara zana, na lulluɓe itacen da tsohuwar komata saboda tsuntsu da jemage, ashe kayan kamun kifi ma suna da ranarsu a lambu. Baba kullum raguwa yake, abinci sai kunu. In na shiga gaishe shi ba ya tambayar komai sai girmansu. In ce sun kai goro, in ce sun kai ƙwan zabo. Inna ta koma shimfiɗa tabarmarta gindin itacen, a nan take wuni. 'Yan ƙalilan ne sunka kai ga nuna, ko ƙoƙo ba su cika ba, kuma ba su yi girman da ya faɗa ba. Amma sun nuna, kumatunsu ya yi ja, ƙamshinsu har ƙofar ɗaki.

Inna ce ta tsinko na farko, ni na tallafo Baba ya zauna. Ta sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana shafa gashin jikinsa da babban yatsa, yana murmushi. Ya ciza da 'yan haƙoran da sunka rage masa, ruwan ya bi gemunsa kamar yadda ya sha faɗa. Ya ce bai kai na Jos zaƙi ba, amma wannan namu ne, alhamdulillahi. Sannan ya laluba hannun Inna ya sa mata sauran. Ita kuwa ta kasa ci. Ta ce masa tana da maganar da za ta faɗa, ita ce ta riƙa ba su ruwa duk shekarun nan, ita ta ja masa jira har ido ya tafi, ya yafe mata.

Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Kulu, tun shekarar farko na sani. Wa zai ɓoye wa mai lambu jiƙaƙƙiyar ƙasa?"

Ni ne na kasa haƙuri na ce, to Baba, ka sani ka yi shiru, alhali ba abin da kake so duniya kamar wannan?

Ya ce, "Garba, matar da Allah bai bar mata abin shayarwa ba, ni ne zan hana ta shayar da itace? Gara in jira."

Bai ga damina ba. Itacen ya ƙara 'yan shekaru, wata shekara ya ba mu kaɗan wata ya hana, daga baya zafi da gara sunka gama da shi. Amma abin da ya koya min shi na juya kan lemun tsami, in hutar da shi in tashe shi lokacin da nake so, da shi na ciyar da gidana na riƙe Inna har ƙarshen ranta. Kullum na ɗaga wuƙar nan sai na yi musu addu'a su biyun, don ba ni da abin da zan biya su.

Ƙwallon ɗan itacen da Baba ya ci kuwa, Inna ta wanke shi ta adana. Bayan an share makoki ta kawo min ta ce in cika mata leda. Na cika, ban danna ba, ta tura shi ciki da yatsanta. Ni na san ƙwallon fici ba ya tsirowa sai ya sha sanyin da ba mu da shi a nan. Ta ɗago ta dube ni ta ce wannan fa, shi ma azumi zai yi? Na ce a'a Inna, wannan jariri ne, azumi bai hau kansa ba, ki ba shi iya son ranki. Ta ajiye ledar a bakin ƙofarta, kowace safiya bayan salla tana zuba mata ruwa, har Allah ya karɓi ranta. Bai tsiro ba, ni kuma ban taɓa gaya mata ba.